Leɓen Hetty Ormerod

Shekara talatin da ɗaya Hetty Ormerod ta yi tana kula da injin saƙa huɗu a masaƙar garinmu, nan Lancashire, shekara sha biyu daga ciki ina gefenta. Ba a jin magana a ɗakin saƙa, ƙarar inji ta cinye komai. Da leɓe muke hira, a wage baki ba sauti, a ɗan haɗa da hannu. Kowace masaƙiya ta iya, amma Hetty daban ce. Daga wannan bango za ta ba ta wancan bango labarin wadda ta yi sabon saurayi, har da kalar hularsa, zarenta ko ɗaya bai tsinke ba.

A 1931 aka rufe masaƙar. Hayaƙi ya ɗauke, har mata suka fara shanya zanin gado a waje ya bushe fari tas, Hetty ta ce ribar da muka ci ke nan. Maza suka koma tsayuwa a kan kwana, hannu cikin aljihu. Abincin layinmu ya zama burodi da kitse. Ita mijinta ya mutu a yaƙi, ba ta da ɗa, amma tukunyar dankalinta sai ta zaga gida uku kafin ta dawo mata.

Gwamnati na ba marasa aiki ɗan tallafi, da sharaɗin in akwai mai albashi a gidan za a yanke. Gidan da ke kallon na Hetty na Seth Duckworth ne da matarsa Clara. 'Yarsu Ivy, mai shekara ashirin da biyu, ta samu aikin wanki da guga, albashin da ba zai ciyar da mutum biyar na gidan ba. In aka gano a gidan ubanta take kwana, tallafin Seth ya tafi. Hetty ce ta ce a rubuta wai Ivy haya take a gidanta. A takarda ke nan. Ivy ba ta taɓa kwana can ba, don uwarta na fama da ciwon ƙirji, ita ke kula da ita.

Wata Talata da safe sai ga mai bincike, wani sabo, Mista Pilling, dogo mai farar kwalar riga. Gidan Hetty ya fara shiga. Ya tambaye ta tun yaushe Ivy ta tare, wane ɗaki take kwana, wace rana take hutu. Hetty ta zuba masa amsa kamar karatu: tun bikin Ista, ɗakin baya, Alhamis. Biyu na farko nan take ta ƙirƙiro su, ba su taɓa shirya bakinsu da Clara ba. Clara kuwa ko ƙaryar shekarunta ba ta iya ba.

Yana tsallaka titi zuwa gidan Clara, Hetty ta fito da bokiti, ta durƙusa tana goge dokin ƙofarta, fuska tana kallon tagar Clara. Ina bakin tawa ƙofar, komai a idona. Cikin ɗakin Clara, Mista Pilling ya tsaya ya ba taga baya. Clara ta tuna masaƙa ta kashe mana kunne duka, sai ta fake da haka, duk tambayar da ya yi ta maimaita da wagaggen baki tana leƙen bayan kafaɗarsa.

"Tun yaushe ka ce, yallaɓai?"

Hetty ta motsa leɓe. Clara ta ce tun Ista. Da aka zo kan ɗaki ta karanta a gurguje ta ce ɗakin gaba, Hetty ta zaro ido ta maimaita, har da ƙarin da na ga sarai: "Na baya, sakarya!" Clara ta yi tari ta ce na baya take nufi, ƙirjin ne ke rikita ta. Seth yana zaune bakin murhu, ya ƙura wa ƙasa ido kamar a coci.

Abin da ba mu tuna ba, akwai madubi a saman murhun Clara, fuskar mutumin na ciki, titi ma na ciki. Ko da mun tuna ba za mu damu ba. A wurinmu maganar leɓe tamu ce, ba ta mai farar kwala ba.

Ya rufe littafinsa ya fito. Ya tsaya tsakiyar titi, ya juya ya fuskanci Hetty. Mata kamar takwas muna bakin ƙofofi. Sai ya wage baki, ba sauti, tiryan-tiryan yadda ake yi a ɗakin saƙa:

"Rigar aikin Ivy na rataye bayan ƙofar uwarta. A ɗauke kafin wata mai zuwa, ba ni zan zo ba."

Ya taɓa hularsa ya yi gaba.

Ban taɓa ganin bakin Hetty a buɗe ba magana ba sai ranar. Clara ta fito tana tambaya ko shi ke nan an yanke. Hetty ta ce ta je ta kwaso rigar da duk wani tsumman Ivy ta kawo, kuma daga yau yarinyar ta riƙa barin buroshin gashinta a ɗakin baya, don mai binciken da zai zo nan gaba ba lalle ya zama ɗan masaƙiya irin wannan ba.

Na ce ya aka yi ta san ɗan masaƙiya ne.

"Ke ba ki ga yadda yake tauna kalma ba? Bakin masaƙar ƙetaren gada ne. Uwarsa can ta yi aiki, na rantse. Su ne ke magana kamar suna cin dankali mai zafi."

Ba a taɓa tallafin Seth ba. Da ƙirjin Clara ya yi sauƙi a bazara, Ivy ta koma kwana ɗakin bayan da gaske, wai ta gaji da munsharin ubanta, ta zauna da Hetty shekara huɗu har ta yi aure.