Ranar da na kira sunan ɗan farina a bakin teku

A lokacin da abin nan ya faru, ni mace ce mai kunya irin wadda ake yabo a ƙauyenmu, can gefen Watari. Ban yi boko ba, sai daga baya na shiga ajin manya na koyi rubutun da nake muku yanzu. Abin da aka koya mini tun ina yarinya shi ne ɗan fari ba na uwa ba ne. Ba a kiran sunansa, ba a ɗaukarsa gaban surukai, ko kuka yake sai ki kau da kai. Nawa kuma sunan mahaifin mijina ya ci, kunyar ta zama biyu. Tun da aka yaye shi a ɗakin kakarsa yake kwana, ni kuwa "kai yaro" nake ce masa kamar ɗan maƙwabta.

Shekarar da tumatir ya yi daraja, maigidana, wanda ke kai kaya Legas, ya ce zai kai mu mu ga gari, ni da mahaifiyarsa da muke kira Inna, da yaron, yana ɗan shekara huɗu. Yayan maigidana da ke zaune can ya sauke mu. Muka ga benaye, muka bi ta gadar da ba ta ƙarewa, rannan da la'asar aka kai mu bakin teku. Ruwan da na sani na dam ne, yana kwance inda aka bar shi. Wannan kuwa zuwa yake yana komawa, da ruri kamar injin niƙa.

Inna ta saki hannun yaron ta tsuguna tana cika gora, wai an ba ta sautu, ruwan teku na maganin ciwon ƙafa. Mazan suna can suna ɗaukar hoto. Ni kaɗai na ga yaron yana bin kumfa, ruwa na ja da baya yana bin sa yana dariya. Allah shaida, na gani tun da wuri. Amma na tsaya ina tunanin yadda zan wuce uwar miji da yayan miji in kamo ɗan fari. Na ce "kai yaro" ƙasa-ƙasa, iska ta kwashe. Na ce wa Inna ta duba jikanta, ta ce in bari ta rufe gorar. Sai ruwan ya dawo ya fi tsayinsa, ya kayar da shi, ya yi ciki da shi.

Na ƙwala sunansa da ƙarfin da ban san ina da shi ba, har maigidana ya juyo don ya ji sunan ubansa. Na faɗa ruwan, hijabi ya jiƙe yana ja na, na cire na yar. Na cafko wuyan rigarsa, igiyar ruwa ta sake zuwa ta doke mu, wani masunci ya jawo mu waje. Yaron ya amayar da ruwan gishiri, ya maƙale a wuyana. Inna ta miƙo hannu, na hana ta. Na goya abina har masauki.

A mota Inna ta yi hamdala, sannan ta ce ba ta taɓa jin suruka ta ambaci sunan marigayi surukinta gatsal haka ba, kai ba ɗankwali, gaban maza. Da muka dawo gida labarin ya riga mu. Mata a bakin rijiya suna tambayata ko Legas ce ta wanke mini ido, wata ta ce in kira musu sunan su ji daɗinsa. Na kira musu, na ce zan ƙara musu da na uban yaron in suna so. Maigidana ya ce in ba Inna haƙuri. Na durƙusa na ba ta haƙurin ɗaga murya, amma na gaya mata da mun dawo da gorar ruwa babu yaro, ba wanda zai yaba mini kunya a wurin zaman makoki. Daga ranar a ɗakina yaron yake kwana, ita kuma ta yi wata ba ta amsa gaisuwata da kyau.

Ban yi nadamar ihun ba, ban yi nadamar hijabin ba. Tsayuwar da na yi ina kallon fuskar mutane ita ke damuna har yau. Ina girmama surukaina, kuma ba na cewa kowa ya zubar da kunya. Amma 'yan uwana mata, in kun fita da yaro inda ba ku sani ba, kada ku ce ai kakarsa na nan, ai ubansa na nan. Ki riƙe hannun ɗanki, na fari ne ko na ƙarshe. Masu magana za su yi su gaji, ke kuwa da ɗanki za ki koma gida.