Gwangwanin da Kawu Ya Ɓoye a Kogo

Kowa a unguwar ya san ranar da gungume ya fashe a murhun Gwaggo Mai Wanki. Wanda bai ji ƙarar ba ya ji warin. Har tela da ke can bakin titi sai da ya tashi daga kan keke ya zagaya bayan shagonsa, ko jaki ne ya mutu ba a faɗa masa ba. Daga ranar aka ajiye wa mijin Gwaggo sunansa na yanka, ya koma Kawu Kogo.

Kawu mai itace ne, kuma a kan itace ba a ja da shi. Gari na wayewa zai saɓa gatari ya tura kurarsa ta ɗaukar itace daji. Bai taɓa sa wa ɗanyen icce ƙarfe ba, wanda ya mutu a tsaye yake nema. Ya ƙwanƙwasa da bayan yatsa, ya kara kunne, ya gaya maka damina nawa iccen ya yi a bushe. A gida kashi uku yake yi: kirare na kunna wuta, faskare na girki, gungume na mai dogon aiki. Matan unguwa sun shaida itacensa ba ya sa mace hawaye.

Gwaggo ba ta musa wannan ba. Sai dai ita ta san ciwonsa, wato fatsa. Da la'asar ta yi zai ɗauki sandar gorar da marigayi yayansa ya bar masa, wadda mariƙinta ya yi baƙi wuluk da gumin mutum biyu, ya nufi rafi. Kifin da ya kawo gida cikin shekara talatin bai cika bahon wanki ɗaya ba, wannan ma ta yafe. Abin da ta kasa yafewa shi ne abincin da yake sa wa ƙugiya. Hanjin kaji ne da tana da dusa, ya dama su a gwangwanin madara, ya rufe kwana tara, wai sai ya nuna. Ita kuwa mace ce da ke ɗauraye sabulu kafin ta yi wanki da shi.

Ta taɓa tsintar gwangwanin a ƙarƙashin gado. Ta taɓa tsintarsa cikin takalmin ruwansa. Ranar da ta same shi bayan randar ruwan sha, murfin ya kumbura yana tsiyaya, sai da ta kwana biyu tana tofar da yawu.

"Malam," ta ce, "wallahi in ƙazantar nan ta sake kwana a gidan nan, gorar can zan sa a wuta."

Kawu ya san ba ta rantsuwa don ado. Ya gwada binne gwangwanin a daji, karnuka suka tone. Sai ya yi tunani irin na mai itace. Ya samo gungume mai kogo, ya zura gwangwanin ciki, ya liƙe bakin da laka tsaf don kada wari ya fita. Ya sa shi can ƙarƙashin tarin itace, ya rufa masa tsohon fallen kwano don kada ruwa ya wanke lakar.

Aka kwana uku ana ruwa. Ranar da rana ta leƙo, Gwaggo na da fararen riguna shida na shugaban makaranta da zannuwan gadon ungozoma, duk masu son ruwan zafi. Ta taɓa faskare, jiƙe. Ta taɓa kirare, jiƙe. Tana ɗaga fallen kwano sai ga gungume busasshe ƙayau. Har albarka ta sa masa. A ranta ta ce, duk da halinsa dai mutumin nan yana tuna ta.

Ta cusa shi a murhu, ta wanke kashin farko ta shanya, ta dawo ta durƙusa tana gyara wuta. Sai ta ji gungumen yana wani shu'u kamar buta ta tafasa. Kafin ta ja da baya, tau!

Abin da ya fito daga kogon nan ba ya faɗuwa kusa da mai cin abinci. Wani abu ne kore-kore, mai yauƙi, da zafinsa. Ya feshe bango, ya feshe rigunan shugaban makaranta tun daga wuya har gindi, ya faɗa tukunyar ruwan yana yawo a sama. Gwaggo ta kai hannu ɗankwalinta ta ji wani abu dogo yana lilo gefen kunnenta. Ba ta duba ba, ta tuge ɗankwalin gaba ɗaya ta wurga bayan katanga. Ƙudajen gari kuwa kamar an aika musu takarda. Maƙwabciya ta leƙo ta katanga tana cewa, "Gwaggo, lafi..." ba ta ƙarasa ba ta sulale, aka ji tana kelaya amai a nata tsakar gidan.

A tsakiyar garwashi ga gwangwanin madara nan, ya buɗe baki kamar yana dariya.

Da Kawu ya turo kura ya shigo, a tsaye ya same ta bakin murhu, ta ɗaure hanci da tsumma, gora a hannu.

"Sannu da aiki, Maman yara."

"Kai za a yi wa sannu. Mene ne wancan?"

Ya dubi gwangwanin, ya dubi rigunan. "Ai na rufa masa kwano don kada a taɓa."

"Shi ya sa na taɓa!"

Ta saukar da kan gorar kusa da wuta. Kawu ya cire hula.

"A matsayina na mai itace nake gaya miki, gora ba ta ƙonuwa salin-alin. Kowace gaɓa fashewa take. Gaɓa bakwai ne da ita."

Hannunta ya ɗan tsaya. Fashewa ɗaya ta ishe ta a yini.

"Sai in faskara ta tukuna. Miƙo gatarin."

Bai miƙo ba. Ya tsaya yana murza hular, muryarsa ta yi ƙasa. "Ita kaɗai Yaya ya bar min."

Gwaggo ta dube shi, tsoho da furfura, tsaye cikin ƙudaje yana roƙon sanda. Ta ja tsaki mai tsawo ta cikin tsumman. Ta juya ta tokare igiyar shanya da gorar.

"Nan za ta zauna. Ranar da hancina ya daina jin abin nan a gidan nan, ka ɗauka. In damina ta wuce yana nan, da gatarinka zan faskara ta."

Azumin kaffarar rantsuwa bai ba ta wuya ba, don dama ba abin da ke shiga cikinta a kwana ukun nan.

Kawu ya wanke riguna sau huɗu, Gwaggo na daga nesa tana nuna masa da sanda. Ya kankare bango, ya rushe murhu ya gina sabo, ya kai tsohuwar ƙasar bayan gari. Kullum cikin kurarsa akwai rassan lemo da ganyen turare, yana banka wa gidan hayaƙi. Kowace safiya Gwaggo za ta fito ta bi bango tana shinshina, shi yana biye da ita, ta kai kusurwa ta yamutsa fuska ta ce, "Yana nan." La'asar ta yi ya zauna kan gungume yana kallon gorarsa ɗauke da zannuwan ungozoma.

Ran kwana na ashirin da uku ta shinshina kusurwar sau biyu, ba ta yamutsa fuska ba. Ta sauke gorar, ta wanke ta da sabulu da soso har baƙin mariƙin ya fara tashi, Kawu na cewa, "Ya isa haka, don Allah ya isa," sannan ta miƙa masa da yatsu biyu.

Yanzu gwangwanin yana rataye a reshen wata bishiya can bakin rafi, kuma ba mai zama a inuwarta sai shi. Kwanaki ya zo wucewa da gora a kafaɗa, tela ya ɗaga murya daga shago.

"Kawu Kogo! Ko akwai sauran gungumen nan? Surukata za ta zo, ina so ta koma da wuri."

Masu zaman benci suka kwashe da dariya. Kawu ya tsaya, ya gyara gorar, ya girgiza kai.

"Ku wari kawai kuka sani. Ranar nan haɗin nawa ya cika kwana tara cif, ban taɓa haɗa wanda ya nuna kamarsa ba. Da tarwaɗa ce ta ji shi, da ƙafa za ta biyo ni gida."