Ni ko akuyar?

Shekara arba'in ke nan ina riƙe da matata Hajiya a raina.

Da gamsheƙa ta sare ta a Gwashi, inji ne ke yi mata numfashi a babban asibiti. Da ta farfaɗo sai sunka riƙa cire mata shi na ɗan lokaci kullum. Na taso ma wata nas da faɗa, na ce za su kashe min ita.

Ta ce, "Malam, yaye ta muke yi, huhunta ya koma bakin aiki."

Ranar da anka zare mata bututun injin daga maƙogwaro, na duƙa in ji maganarta ta farko. Murya a dishe ta ce, "Wa ka bar ma akuyata?"

Hajiya tana nan garau yanzu, alhamdulillahi. Amma jama'a ku amsa min: ban cancanci ko sannu ba?