Saƙon da Ban Kai wa Ladi Ba

Ranar wata Juma'a ce cikin watan Agusta, shekarar da muka gama sakandare. An yi ruwa da safe, tsakar gidanmu na haya a Jikwoyi ta jiƙe sharkaf, ina tsugune bakin rariya ina kankare tukunyar tuwo, sai tsohuwar wayar da Baba ya bar mini ta yi ƙara sau biyu a kan taga. Na goge hannu a zanena na ɗauko. Saƙo biyu ne iri ɗaya daga jami'ar da muka nema: jarrabawar tantancewa da aka sa ranar Alhamis mai zuwa an dawo da ita Litinin, ƙarfe takwas na safe. Ɗaya saƙon nawa ne. Ɗayan na Ladi ne, ƙawata, wadda ba ta da waya, ta rubuta lambata a takardunta.

Gidan nan ɗakuna goma ne a jere suna kallon juna, mu muna na uku, su Ladi suna na ƙarshe kusa da rijiya. Babana direba ne a wata ma'aikata, yana fita tun da asuba don ya riga cunkoson Nyanya. Baban Ladi magini ne, mamarta kuma doya take sayarwa a bakin titi. Gbagyi ne su, asalinsu Paikon Kore, can wajen Gwagwalada. Tun muna 'yan shekara shida muke tare. Tare muke jan ruwa idan rijiya ta yi ƙasa, tare muke zana 'yar gala-gala da gawayi a siminti, mu yi carafke da duwatsun da muka tsinto a wurin aikin babanta har sai an ƙwala mana kira. Ranar salla tana cin waina a ɗakinmu, ranar Kirsimeti ni nake kwaso shinkafar gidansu. Ita ta koya mini ɗaukar kaya a kafaɗa irin na matan garinsu, ni kuma na koya mata kitso, ko da yake ba a yi wata uku ba ta fi ni iyawa.

To, a makaranta ma haka abin ya kasance. Duk abin da na iya, Ladi ta fi ni da taki ɗaya. Tun daga aji ɗaya na sakandare ita ce ta ɗaya, ni ce ta biyu. Ba ta taɓa yi mini gori ba. Ita ce ma take zama da ni a ƙarƙashin mangwaron bayan aji tana warware mini lissafi da tsinke a ƙasa. Amma duk ƙarshen zango, in Baba ya karɓi katin sakamakona, sai ya ɗaga kai ya ce, "Ita Ladi fa? Yarinyar da ke tallar doya kafin ta zo makaranta?" Ba da mugunta yake faɗa ba, zaburar da ni yake son yi. Ni kuwa sai in shige ɗaki in ji wani abu game da Ladi wanda ban san sunansa ba a lokacin.

Ranar da muka yi bankwana da makaranta, Malama Rifkatu mai koyar da ilimin halittu ta tara mu 'yan ajin ƙarshe ta yi mana nasiha. Ta ce a jami'a ba a buga ƙararrawa, ba wanda zai biyo mutum da bulala, kowa shi ne mai tashin kansa. Ta ce mu koyi dafa abinci mai sauƙi kafin mu tafi, mu riƙa karanta takarda kafin mu sa hannu, kada mu ji kunyar tambayar hanya. Sai ta dube mu ni da Ladi, muna zaune a benci ɗaya, ta ce, "Ku biyun nan, ku riƙe juna." Dukanmu fannin haɗa magunguna muka nema, a jami'a ɗaya, kuma kowa ya san gurbin kaɗan ne.

A waccan Juma'ar Ladi ba ta gari. Ta tafi Paikon Kore taya kakarta aikin gona, da niyyar dawowa Talata mu yi bita tare. Ba wai hanyar sanar da ita ta gagara ba. Ɗakinsu taku ashirin ne daga namu, mamarta na da lambar wani kawunta a ƙauyen. Na miƙe da wayar a hannuna, har na kai bakin rijiya, sai na tsaya. Na ce wa kaina bari in gama wanke-wanke tukuna. Da na gama, na ce bari a sauko daga masallaci. Da yamma Maman Ladi ta dawo da kwandon doya a kafaɗa, ta tsaya a ƙofarmu ta ce, "Binta, makaranta bai turo komai ba?" Na ce, "Zan duba, Mama." Ta sa mini albarka ta wuce. Na shiga ɗaki na goge saƙon Ladi, na bar nawa. Innata kuwa ce mata na yi an raba mu rukuni-rukuni, nawa ya faɗo Litinin. Ranar Lahadi Baba ya sa ni a mota.

Ladi ta je ranar Alhamis, sanye da farar rigar cocinta da ta goge da dutsen guga na gawayi. Mai gadi ne ya gaya mata an gama tun Litinin. Ta yi ta zagaye ofis-ofis har la'asar, babu wanda ya iya yi mata komai. Da ta dawo ina leƙenta ta labule, na ga ta zauna a bakin ƙofarsu ta cire takalmi, ta daɗe tana kallon ƙafafunta. Na jira ta zo ta tambaye ni. Na ma shirya ƙaryar da zan yi, cewa wayar ce ke cinye saƙo. Ba ta tambaya ba. Da sunana ya fito cikin waɗanda jami'a ta ɗauka, ita ta fara rungume ni. Ranar tafiyata ita ta taya ni ɗaure katifa, ta kawo mini doya uku da garin rogo, da littafinta na ilimin halittu mai cike da rubutunta ƙanana. Ta ce, "Ki yi mana karatun mu biyu."

Na yi karatun, amma littafin nan ban taɓa iya buɗe shi ba. A ƙasan akwati ya gama jami'a. Idan na zo hutu sai in ƙirƙiri uzuri, in gaishe ta a tsaye in wuce. Ladi ta yi niyyar sake nema, sai babanta ya faɗo daga saman gini ya karye a ƙugu, ta karɓi kasuwar mamarta don mamar ta zauna jinya. Shekara ta wuce, wata ta biyo. Ta yi aure, mu kuma muka tashi daga gidan. Na sha gaya wa kaina cewa ko da ta je ranar Litinin ba lallai ta samu ba. Amma na san Ladi, na san kaina.

Sai bayan na yi shekaru ina aiki a wani asibiti a cikin gari, na haifi 'ya'ya biyu, sannan na iya zuwa. Wata Asabar da hantsi na same ta a rumfarta ta doya a hanyar Karshi, ta yi ƙiba, tana ciniki da wata mata cikin Turancin kasuwa. Ta yi ihu ta kira ni da sunan yarinta, ta share mini benci. Ban bari ta kawo ruwa ba, na faɗa mata komai, har da goge saƙon. Ta saurare ni tana kaɗe ƙasa daga jikin wata doya. Da na gama ta ce, "Na sani, Binta. A ofishin sun nuna mini lambar da suka tura wa. Lambarki na gani." Na ce to me ya hana ta magana? Ta ce, "Na yi fushi, sosai ma. Shekara biyu ban son jin sunanki. Amma da na faɗa, Babanki zai hana ki tafiya. Sai ya zama mu biyu a gida. Wa ya ci riba?" Kuka na yi a gaban masu sayen doya, ita ce ma take ba ni haƙuri.

Bana 'yarta ta fari, Saratu, take ajin ƙarshe na sakandare. Ladi ta turo ta gidana da wata takarda cike da tambayoyi, wai in ba ta shawara tunda ni na san jami'a. Na gaya mata abin da na sani: ta riƙa duba allon sanarwa da idonta, ta samu malami ɗaya da zai san sunanta, kada ta tara karatu sai jarrabawa ta matso. Tana ta rubutawa. Sai na ce mata, "Za ki haɗu da wadda ta fi ki, kuma wataƙila ƙawarki ce. Ranar da kika ji zuciyarki ta yi ƙunci da ita, ki faɗa wa wani kafin ki aikata komai." Ta ɗago tana murmushi, ta ce, "Anti, wannan ma a rubuta?" Daga nan na gane uwarta ba ta taɓa ba ta labarin ba.

Yanzu an rushe gidan hayar nan, an yi bene mai hawa uku da babbar ƙofar ƙarfe, maƙwabta ba su san sunan juna ba. Yaran yanzu kowa da wayarsa, ba mai jiran wani ya kawo masa labari. A namu lokacin ɗaki da ɗaki a buɗe yake, mutum yana iya damƙa wa ɗan'uwansa makomarsa gaba ɗaya ya tafi gona hankalinsa kwance. Ina kewar wannan zaman, kuma na san da hannuna a cikin abin da ya ɓata shi. Ladi ta yafe mini tuntuni. Ni ce har yau ban gama yafe wa kaina ba.