Gaisuwar da ta buɗe ƙofa a Munich

Mun tashi da asuba daga Stratford, ni da abokina ɗan zongon Kumasi da muka gama digiri na biyu tare. Ni na yi booking, na buga taswira biyu ko ɗaya ta ɓace. Shi kuwa jaka ɗaya ya rataya. Ranar Litinin mu biyun muna da interview a wata council, wato ƙaramar hukuma, aikin mayar da tsofaffin gine-gine masu amfani, kuma gurbi ɗaya ne. An ce kowa ya zo da misali.

Nawa misalin yana Munich, na yi watanni ina karatu a kansa. Jam'iyyar kama-karyar da ta jefa Turai cikin yaƙi ce ta gina shi, shugabanta ya yi ofis a ciki. Asalin hedkwatarsu da ke gefe bama-bamai sun rushe ta, wannan ya tsira. Bayan yaƙi, in ban yi kuskure ba, an tara zane-zanen da aka wawashe a cikinsa. Yanzu makarantar kiɗa ce.

Jirgin ƙasan da ya shigar da mu gari shiru yake, ba ya ihu irin na tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa da muka saba hawa. A tasha muka sayi murɗaɗɗen burodi mai gishiri, da tsada kamar da nama a ciki. Na tsaya karanta abin da aka haɗa shi da shi don tsoron man alade. Abokina ya tambayi mai sayarwa, har ya cinye nasa.

Ginin dutse ne, faɗi da sanyi. Ta taga ana jin wani ɗalibi yana ta maimaita wuri ɗaya a piano. Sau uku na aika saƙon neman izinin shiga ban sami amsa ba, wataƙila adireshin na kuskure. Sai na tsaya a bakin titi. Abokina ya nufi dattijon da ke tsaron ƙofa, ya rusuna, ya shiga gaisuwar zongo da Turanci: sanyi, aiki, iyali, har gwiwar da ya ga yana ɗingisawa. Na ja rigarsa.

"Malam, ba a haka a nan."

"Alaramma, tsoho tsoho ne ko'ina. Zo mu shiga."

Na ce ba ni da takarda. Ya shige, ni ina waje rungume da fayil, ina ƙirga tagogin da na riga na san adadinsu. Da ya fito, ya ce dattijon ya hau da shi babbar matakala, ya gaya masa kullum da safe yakan buɗe tagogi don kiɗan yara ya fita titi. Nan take na san maganar nan ta fi shafi sittin ɗin da na rubuta.

A jirgi ya turo mini duka hotunan da ya ɗauka a ciki ba tare da na roƙa ba. Wannan ya fi ƙona mini rai.

Bayan interview, shi aka ɗauka. Na taya shi murna, kuma ina jin da gaske nake, ko dai kusan haka.

Abin da na koyo a tafiyar nan bai da yawa. Washegari na tsaya wurin dattijon da ya shekara biyu yana share matakalar flat ɗinmu, na gaishe shi, na tambayi iyali. Ya jingina tsintsiya, ya dube ni, ya amsa da Hausar Jos.

"Ɗana, sai yau?"