Ranar da Muka Kora Jakunan Riguna

A shekarun da nake aiki a sashen noma a Kazaure na shiga wani wasan intanet da ake yi a waya. Duniya ce guda a ciki, da garuruwa da dazuzzuka da kasuwanni, kuma duk mutumin da ka gani yana yawo a kan allo, wani ne yake juya shi daga wata ƙasa. Yawancin masu shiga takobi suke ɗauka. Ni da aka ce in zaɓi sana'a sai na zaɓi ɗinki, domin ina yaro na zauna a shagon wani tela, ko da yake hannuna bai taɓa faɗawa ba.

A wasan, tufafi ba ado kaɗai ba ne. Riga mai kyau tana rage wa mayaƙi zafin sara, kuma tana tsufa ta yage, dole ya nemi wata. Sauran teloli matsattsun kaya suke ɗinkawa. Ni kuwa na yi ta gwada yanka da launi har na fitar da abu mai kama da babbar riga, shuɗiya kamar an tsamo ta daga karofi, da aiki a ƙirji. Da farko dariya aka yi mini. Daga baya wani ya saya, ya dawo da abokansa, shagona na ƙaramin garin bakin kogi ya fara cika.

Ulun da nake saƙawa daga wurin ɗan kawuna yake zuwa. Makiyayi ne na gaske a wani ƙauye bayan Gwiwa, magidanci, abokin wasana tun muna yara. Da na koya masa wasan ya ce shi bai san komai ba sai dabba, don haka ya tara tumaki a ciki. Tela yake kirana, ni kuma in ce masa Sarkin Tumaki.

Ana haka sai shugaban wata babbar ƙungiyar mayaƙa ya aiko mini da saƙo. Ya ce daga yau mutanensa kaɗai zan ɗinka wa, a farashin da ya ga dama. Na ba shi haƙuri cikin ladabi. Amsarsa gajera ce: hanyar babban birni tana da tsawo.

Na gane nufinsa. Yaƙin ƙungiyoyi ya matso, kowa a babban birni yake sayen kayan yaƙi, kuma ba a kai kaya can sai an ɗora wa jakuna an ratsa wani daji inda dokar wasan ta halatta fashi. Wanda aka kashe a dajin zai tashi a gida, amma kayansa sun zama na wanda ya kashe shi. Rigunan da na yi damina guda ina tarawa, su zan kai.

Muka tsai da ranar Asabar bayan azahar. Ina zaune a zauren gidanmu, hadari yana haɗuwa a bayan duwatsu. Shi kuma ya hau wani tudu da shanunsa, don nan ne kaɗai waya take kamawa a wajensu. Muna jin muryar juna yayin da muke tafe, shi da jakuna biyu a gaba, ni da biyu a baya.

"Tela, dajin nan ya yi shiru da yawa," in ji shi.

"Ka dai kora. Kada ka bi babbar hanya, mu bi ta gefen rafi."

Mun wuce rabin daji lafiya. Sai na hango wani a kan doki can nesa, ya tsaya yana kallonmu, ya juya ya tafi. Ba a jima ba iska ta taso a Kazaure, ƙofar zaure ta fara bugawa.

"Ruwa ya sauko nan," in ji ɗan kawuna, muryarsa tana yankewa. "Shanu sun fara..."

Ban ji sauran ba. Mutuminsa na cikin wasan ya tsaya cak a tsakiyar hanya, jakunansa suka tsaya tare da shi. Na kira shi, shiru. Na sake kira, aka ce ba a samun layin. A daidai lokacin mahaya suka fito daga cikin itatuwa, ɗauke da tutar ƙungiyar nan.

Tela ba shi da makami. Na tsaya kusa da shi kaɗan ko zai motsa, ina kallon alamar sabis ɗin tawa wayar tana raguwa. Bai motsa ba. Na ja jakunana na faɗa rafi, domin na san doki a wasan ba ya sauri cikin ruwa. Ina jin ƙarar sara a bayana ban waiwaya ba. Biyu suka biyo ni ta gaɓa suna harbi. Kibiya ta sami jakin baya, ya fara ɗingishi, wata ta sami mutumina, jininsa ya yi ƙasa sosai. Allo ya daskare sau ɗaya, na miƙe tsaye na fita tsakar gida cikin yayyafi ina ɗaga waya sama. Da ya dawo, ganuwar birni ce a gabana. Na shige ƙofa, inda ba a taɓa kowa, sannan na zauna a dakalin gidanmu.

Sai bayan la'asar ɗan kawuna ya kira. Ya ce tsawa ta razana shanu, ya jefa waya a aljihu ya bi su, ya kuma same su duka.

"Jakuna fa?"

"An kwashe naka. Nawa sun shiga."

Ya ce, "To, rabi ya fi babu. Amma ka bar ni a daji, Tela, zan gaya wa Goggo." Mahaifiyata yake nufi.

Abin da na kai ya ƙare kafin magariba. Rigunan da aka sace kuwa, mutanen ƙungiyar ne suka sa su ranar yaƙi, kuma suka yi nasara a idon kowa. Washegari na tarar da saƙonni daga mutanen da ban taɓa ji ba, kowa yana tambayar wa ya ɗinka shuɗayen rigunan nan. Na buɗe shago na biyu a cikin birnin, na ɗauki masu rakiya da nake biya da tufafi, ɗan kawuna kuma ya ƙara tumaki. Shugaban nan ya aiko daga baya yana son sababbi, domin na satar sun yage. Na ce masa akwai mutane a gabansa, sai ya bi layi. Ya bi.