Taken Dattijon Bilbis

Akwai wata gayyar huɗa da aka yi a Nahuce ina yarinya, 'yan shekaru kafin mulkin kai, wadda har in koma ga Mahaliccina ba za ta fita raina ba.

Gidan kawuna gidan makaɗan noma ne. Ɗansa, wanda nake kira Yaya, a jikin turmi da tsofaffin ƙore ya fara kiɗa, har ya isa rataya ganga. Hannu kam Allah ya ba shi, sai dai gaggawa. Ran gayyar, zazzaɓi ya kwantar da kawu, aka tura Yaya shi kaɗai, mu 'yan mata muka bi da fura.

A al'ada kowane manomi yana da takensa, wato kiɗan da ya gada wurin ubansa, da ya ji shi sai ƙarfi ya zo masa. To akwai wani dattijo mai ɗingishi da ya taso daga Bilbis, ba wanda ya san nasa. Yaya ya saki kiɗa da zafi, samari suka yi gaba, aka bar bawan Allah a tsakiyar gona. Wanda kuwa ya kasa fitar da kuyyar da yake huɗawa ba a sake gayyatarsa, ran tasa gayyar ma ba mai zuwa.

"Baba, aje galmar ka taya 'yan mata tsaron fura!" in ji wani saurayi. Aka kwashe da dariya. Na ga dattijon ya saɓa galmarsa zai fita, idona ya cika da ƙwalla.

Sai ganga ta yi shiru. Yaya ya tako har gabansa.

"Baba, mine ne takenka?"

"Ɗana, wanda ya san shi ya daɗe a ƙasa."

"To sara mu gani, ni in bi ka."

Dattijon ya sara, ya ja ƙafa, ya sake sara. Yaya ya zuba masa ido, sannan ya buga biyu masu nauyi, ya bar gurbi daidai inda ƙafar ke jan ƙasa. Ya yi ta maimaitawa har kiɗan ya zauna, ya ɗora murya: "Na Bilbis, taka sannu, ƙasa ta san ka." Wallahi sai ɗingishin ya zama kamar rawa. Mai tsokanar nan shi ya fara dawowa yana huɗa a gefensa, saura suka biyo, har dattijon ya kai bakin gona.

Daga baya Yaya ya yi suna har Gusau da Tsafe, amma ya sha gaya mini wannan ne kiɗa na farko da ya ƙirƙira da kansa.

Ni dai abin da na koya, baiwar da Allah ya ba mutum ba ta nuna kanta a tseren na gaba. Sai ranar da ya rage saurinsa saboda wanda aka bari a baya.